Daga bakin tanderu zuwa sikirin: yadda modul ɗin PLC ke karanta tamokoful ya ajiye lambar zafi

Abin da ya sa na zauna rubuta wanga bayani, cikin watan Afrilu ne anka kira ni wani injin shinkafa da ke kan hanyar Argungu, wai busarwa ta ƙi, shinkafa na fitowa daga diraya da danshi kamar ba ta shiga ba, ga buhunan shanshera jibge har bakin ƙofa ga dillalai zaune suna jira. Kafin in iso Alhaji mai injin har ya sa an kawo mishi sabon modul daga Legas, wato ɗan akwatin da ke karanta zafi ya miƙa wa PLC, kwamfutar da ke tuƙa injin, an cire tsohon an sa sabon, lamba ba ta motsa ko ɗigo ba. Ina shiga ya ce min "Injiniya, kayan nan naku ba su son zafin Kabi ne kawai." Na ce ranka ya daɗe bari dai mu gani. Na kwance sandar da ke auna zafin iskar dirayan, wato tamokoful, na aro buta wajen mai shayin bakin get, ruwa na tafasa na tsoma ta ciki, sikirin ya nuna 118. To ruwan da ke tafasa a buɗaɗɗiyar buta a ƙasar nan tamu bai wuce 99 da 'yar ɗoriya, don haka wani na ƙarya tsakanin sandar da sikirin, kuma ba modul ba ne. Zan dawo kan wanda ya yi ƙaryar, amma sai mun bi lambar hannu da hannu tukuna, don wanda bai san hanyar da take bi ba kullum modul zai ta saye.

Farko dai, mi sandar ke bayarwa

Tamokoful ba wani abin mamaki ba ne, wayoyi biyu ne na ƙarfe iri daban anka haɗa bakinsu wuri ɗaya anka cusa cikin bututun ƙarfe. In bakin da anka haɗa ya fi ɗayan ƙarshen zafi sai 'yar wuta ƙanƙanuwa ta bayyana tsakanin wayoyin. Wani Bajamushe Thomas Seebeck ya gano haka a 1821. 'Yar wutar fa ƙanƙanuwa ce da gaske, batirin tocila bolt 1.5 gare shi wato milibolt 1500, shi kuwa tamokoful nau'in K, wanda ya fi yawa a injinanmu, in bakinshi na digiri 100 ɗayan ƙarshen na digiri 0, milibolt 4.096 kawai zai ba ka. A digiri 500 zai ba ka 20.644, a 1000 kuma 41.276. Kowane digiri ɗaya kusan maikurobolt 41 ke nan, maikurobolt dubu kuwa shi ne milibolt ɗaya. Ka riƙe wannan, don duk wahalar da za ta biyo baya daga ƙanƙantar nan take.

Abu na biyu da za ka riƙe, kuma shi mutane ke mantawa: sandar ba zafin tanderu take faɗa maka ba, bambanci take faɗa, tsakanin bakin da ke cikin wuta da wurin da wayoyinta sunka ƙare. In ka ɗauki tamokoful ka ajiye shi kan benci, kai da gindi duk zafi ɗaya, ka sa mita, sifili za ka gani ko da ranar Yauri ce ke dukanku.

Mataki na ɗaya: ka san nau'in da ke hannunka

K ƙarafanshi kuromel da alumel ne, duka gamin nikel, yana kai wa sama da digiri 1200, shi ya sa shi ake sa wa a tanderun ɓuntu da bututun hayaƙin boila. J kuma baƙin ƙarfe ne da konstantan, ya fi K ba da wuta, a digiri 100 milibolt 5.269 yake bayarwa, sai dai bai kai K jure wuta ba kuma ƙafarshi ta baƙin ƙarfe na tsatsa in akwai danshi, a wurin gumi kuwa danshi ai gida ne. Akwai T na tagulla da ake sa wa a ɗakin sanyi, akwai S da R da B masu filatinam na gidajen siminti da narka ƙarfe, waɗannan ba namu ba ne, mu wuce.

Launin waya na taimakawa amma yana ruɗa mutum. A tsarin Turai K kore da fari ne, koren shi ne fosita, J baƙi da fari. A tsarin Amurka K rawaya da ja, J fari da ja, kuma ka ji da kyau, jan shi ne nagetib. Duk yaron da ya taso yana haɗa batirin mota hannunshi da kanshi zai kai ja kan fosita, ni ma na yi. In launi ya koɗe ko kayan ba su bi kowane tsari ba, ka nemi maganaɗisu ko na tsohuwar sifika ne. A K ƙafar nagetib ce ke ɗan kama maganaɗisu kaɗan, a J ƙafar fosita ce ke mannewa gam tunda baƙin ƙarfe ce. A injin Alhaji abin da na yi ke nan, na kara maganaɗisu waya ta manne kamar ƙusa. J ce anka sayo lokacin da tsohuwar ta ƙone, mai shago ya ce duk ɗaya ne, firogiram kuwa na nan a kan K.

Mataki na biyu: wayar da za ta kai shi fanel

Daga kan sanda zuwa fanel wani lokaci mita talatin ne ko hamsin, kuma nan ne ake son tsimi. Sai ka ga an ja wayar tagulla ta fitila. Lamba za ta fito, shi ne ma haɗarin, ba za ta ƙi fitowa ba. Amma yanzu wayoyin tamokoful sun ƙare ne a akwatin haɗin da ke jikin boila, ba a fanel ba, shi kuwa modul bai san da haka ba, zafin taminal ɗinshi yake aunawa. In akwatin na digiri 60 fanel na 40, lambarka za ta yi ƙasa da gaskiya da kusan digiri 20, da asuba lokacin hunturu bambancin daban, da azahar daban, ka rasa gane kan abin. Ka sayi kebul ɗin ƙari na nau'in, K da na K, J da na J, ka haɗa fosita da fosita tun daga kai har taminal.

Kada ka ja shi cikin tire ɗaya da wayar inbata, wato na'urar da ke sarrafa gudun motar lantarki, ko ta manyan motoci. Maikurobolt muke magana, wayar da ke fita daga inbata zuwa motar fanka kuwa hayaniyarta kaɗai ta isa ta sa lamba rawa. In dole ku haɗu to ku gitta juna, kada ku jera. Ragar da ke lulluɓe da kebul ɗin ka haɗa ta da at, wato wayar ƙasa, a gefe ɗaya, gefen fanel, ɗayan gefen ka naɗe shi da tef ka bar shi.

Mataki na uku: abin da ke faruwa cikin modul

Zan yi misali da SM 1231 TC na Siemens S7-1200 don shi na fi taɓawa, akwai mai canel 4, wato mai ɗaukar sanda huɗu, akwai mai 8, amma na Delta da na Mitsubishi da sauransu hanyar ɗaya ce, sunaye ne sunka bambanta. Galibi na'urar mai da wuta lamba, wadda ake kira ADC, ɗaya ce tal a ciki, sai wani makunni na lantarki ya riƙa kawo mata canel ɗaya bayan ɗaya kamar layin awo a asibiti. Kafin wutar ta isa gare ta sai an ƙara mata ƙarfi an tace ta. Ita ADC ba leƙe ɗaya take yi ba, tana tara wutar na ɗan lokaci ta ɗauki matsakaici, kuma tsawon lokacin kai ke zaɓa a saitin. Wutarmu a Najeriya zagaye 50 take a sakan, zagaye ɗaya milisakan 20, to in ka ce ta tara na milisakan 20 cif, hayaniyar da ta shigo daga layin wuta rabinta sama rabinta ƙasa sai ta cinye kanta. Shi ya sa za ka zaɓi 50 Hz, ba 60 na Amurka ba. In janareton injin na tangaɗi ko fanel ɗin cike yake da inbata, ka koma 10 Hz, tarawar milisakan 100 ke nan, lamba za ta fi natsuwa amma sabuwa ba za ta zo ba sai bayan sama da sakan ɗaya, alhali a 50 Hz mai canel 4 kusan kwatan sakan ne. Ga tanderu da diraya wannan jinkirin ba komai ba ne, zafi ba ya gudu haka. Canel ɗin da ba ka amfani da shi ka kashe shi a saitin, layi zai ragu.

ADC ɗin bit 16 ce, wato gurbi 16 na 0 ko 1, ɗaya na alamar sama ko ƙasa da sifili, 15 na lamba. Awon modul ɗin milibolt 80 ne sama da ƙasa, Siemens na raba 80 ɗin gida 27648, kowane taki bai kai maikurobolt 3 ba, kashi ɗaya cikin goma na digiri a K kuwa kusan maikurobolt 4 ne, ka ga ya isa ya rarrabe 25.3 da 25.4. Rarrabewa fa na ce, ba gaskiya ba. Sandar K ta kasuwa ita kanta tana iya kauce wa gaskiya da digiri biyu kuma tana cikin ƙa'ida, don haka in wani ofareto ya tsare ka kan 0.3 ka ba shi haƙuri kawai.

Mataki na huɗu: cikon ƙarshen sanyi, nan ne zuciyar aikin

Na ce sanda bambanci take faɗa. Jadawalin milibolt da digiri da duniya ta yarda da shi, na ƙa'idar IEC 60584, an rubuta shi ne kamar ɗayan ƙarshen na cikin ƙanƙara a digiri 0. Da can a ɗakin gwaji da gaske ƙanƙara ake sa wa. Mu kuwa fanel ɗinmu a Birnin Kebbi cikin bazara in ka buɗe shi kamar ka buɗe tanda. Don haka a cikin modul, daf da taminal, akwai wani ɗan ma'aunin zafi na daban, aikinshi kawai ya faɗi zafin sukurorin da ka ɗaure waya.

Mu yi lissafin da hannu sau ɗaya, in ka yi shi ba ka sake mantawa. Iskar diraya na digiri 120, taminal na 40. A jadawalin K, 120 shi ne milibolt 4.920, 40 kuma 1.612. Abin da zai iso taminal 4.920 a cire 1.612, saura 3.308. In modul ya kai 3.308 jadawali kai tsaye zai ce maka 81, ka ƙara wuta ka toye shinkafar mutane. Abin da yake yi shi ne ya tambayi ɗan ma'auninshi, ya ce 40, ya mai da 40 ɗin milibolt wato 1.612, ya tara da 3.308 ya samu 4.920, sannan ya duba jadawali ya ga 120. Ka lura milibolt ake tarawa ba digiri ba. In ka ce 81 da 40 za ka samu 121, nan kuskuren digiri ɗaya ne, amma a wasu wuraren da wasu nau'ukan ya fi haka nesa, saboda tamokoful ba ya tafiya a miƙe, maikurobolt ɗin kowane digiri na ɗan canzawa yayin da zafi ke hawa. Wannan lanƙwasar ce ta sa modul ke ɗauke da jadawali ko dogon lissafi na kowane nau'i a cikin kanshi, kuma shi ya sa dole ka faɗa mishi nau'in.

Yanzu ka ga abin da ya faru a injin Alhaji. Ruwa na kusan 100, J ta ba da 5.269, a cire nata na digiri 40 wato 2.059, saura 3.210. Modul da ke zaton K ce ya tara 1.612 ya samu 4.822, ya duba jadawalin K ya ga tsakanin 117 da 118. Bai yi ƙarya ba bawan Allah, abin da anka faɗa mishi ya yi aiki da shi. Diraya kuwa na ganin zafi ya kai tana rage wuta alhali da saura. Gyaran bai kai minti biyar ba, na buɗe laftof na mai da canel ɗin J na tura, da na ga kebul ɗin ƙarin ma na K ne na ce a nemo sandar K a mayar, shi ya fi sauƙi da a sake jan waya.

In kuma ka juya ƙafafu, lissafin nan dai zai gaya maka abin da za ka gani: 3.308 ta zama ƙasa da sifili, a tara 1.612, saura kusan 1.7 ƙasa da sifili, sikirin ya nuna wajen 45 ƙasa da sifili a diraya mai ƙona hannu. Alamarshi ita ce kana ƙara wuta lamba na sauka.

Tunda ɗan ma'aunin nan ne ginshiƙi, ka kula da inda ka dasa modul. Kada ya jingina da fawa sufulai ko ya zauna saman inbata, kada fankar fanel ko iskar esi ta riƙa bugun taminal kai tsaye, don sai sukurori su yi wani zafi ɗan ma'aunin ya yi wani. In ka kunna fanel da sanyin safiya ka ba shi kamar rabin awa ya daidaita kafin ka fara gardama da lamba. Na taɓa ganin inda lamba ke sauya digiri biyu duk lokacin da anka buɗe ƙofar fanel lokacin hunturu, ofareto har ya fara cewa da aljani a ciki.

Mataki na biyar: lambar ta shiga rajista

Modul ya gama lissafi, amma ba ya rubuta 120.0 da ɗigo. Rajistarshi gida ne mai bit 16, cikakkiyar lamba kawai take ɗauka daga 32768 ƙasa da sifili zuwa 32767, don haka sai ya ninka zafin da goma. 1200 na nufin 120.0, 253 na nufin 25.3. A S7-1200 in modul ɗin ne na farko a gefen dama na CPU, wato ƙwaƙwalwar PLC ɗin, adireshin da TIA Portal, manhajar rubuta firogiram ta Siemens, ke ba shi yakan fara daga IW96, canel na gaba IW98, sai IW100, sai IW102, tsallake biyu-biyu saboda kowace lamba bayit biyu take ci. Ka duba naka a saitin kada ka haddace nawa. A Delta da tsofaffin Mitsubishi FX lambar na zaune cikin ƙwaƙwalwar modul ɗin kanshi, sai ka aika umarnin FROM ya ɗebo ta ya zuba a rajistar D, kuma can za ka tarar da gida biyu ga kowane canel, lambar yanzu da ta matsakaici, ka san wacce ka ɗebo.

Kuskuren da na fi gani wajen yaran da sunka koyi aiki da 4 zuwa 20 miliam shi ne su kawo umarnin sikeli na NORM_X da SCALE_X su sa 27648. A'a. Wancan na tiransimita ne, wanda ake sa wa a kan sanda ya mai da zafi miliam. Modul ɗin tamokoful ya riga ya ba ka digiri, kai dai ka mai da Int, cikakkiyar lamba, ta koma Real, mai ɗigo, ka raba da 10.0, shi ke nan.

Sai dai kafin ka raba, ka tsaya ka tambayi lambar ko lafiya take. Modul na tura wata 'yar wuta mitsitsiya cikin wayar don ya ji ko a haɗe take, in ta tsinke sai ya rubuta 32767 ya kunna jar fitila. In ba ka tare ta ba sikirin zai nuna 3276.7, kuma in PID, wato lissafin da ke ƙara wuta da rage ta da kanshi, ke tuƙa wuta zai ɗauka duniya ta kama da wuta ya rufe komai, wanda dai gara hakan da akasinshi. Ka rubuta a firogiram: in lamba ta kai 32767 ko ta faɗi 32768 ƙasa da sifili, kada a yi amfani da ita, a kashe bona a buga ƙararrawa a rubuta "waya ta tsinke" a sikirin da Hausa yadda mai aikin dare zai gane. Kuma kada ka kashe binciken tsinkewar waya don jar fitila ta dame ka, in ka kashe shi wayar ta tsinke lambar da ta ga dama za ta riƙa fitowa.

Wani tarkon kuma yana wajen sikirin. In ka ce mishi lambar marar alama ce, 450 ƙasa da sifili za ta fito 65086, wato 6508.6. Duk ranar da ka ga lamba ta haura dubu sittin ka san ba zafi ba ne, alama ce anka manta. In ta Modbus, yaren da na'urori ke magana da juna, kake ɗebowa a kan wayar RS-485, ka tuna takarda na iya cewa 40001 ko 30001 amma a kan waya adireshin 0 ne, wani sikirin na cire ɗayan da kanshi wani ba ya cirewa, sai ka wayi gari kana karanta canel na biyu a matsayin na ɗaya. In kuma Real ce kake turawa, gida biyu take ci, wani kamfani babban rabi yake sa wa gaba wani ƙaramin, in lamba ta fito shirme mai tsawo ka juya su kafin ka zagi kowa.

Mataki na shida: ajiya, kuma ajiya hawa-hawa ce

Rajistar IW allon makaranta ce, ana rubutawa ana wankewa. CPU na kewayawa ne, ya kwafi abin da ke shigowa, ya bi firogiram daga sama har ƙasa, ya fitar da umarni, ya koma, cikin 'yan milisakan. Modul kuwa kwatan sakan yake ɗauka, don haka CPU zai ga lamba ɗaya sau da yawa kafin sabuwa ta zo, ba matsala ba ce. Amma babu jiya a wurin, babu ma minti ɗaya da ya wuce.

Hawa na biyu shi ne ka kwafe ta cikin data bulok, DB. Nan za ka ajiye zafin yanzu, mafi girman da anka kai a wannan zubin, da lokacin da anka kai shi. Sai dai DB na cikin ƙwaƙwalwar aiki ne, ana ɗauke wuta ta koma yadda take da farko, mu kuwa tsakanin wutar gari da janareto a yini sai a sauya sau nawa. Duk abin da kake son ya tsira sai ka yi mishi alamar Retain, CPU zai kwafe shi wuri mai riƙewa daidai lokacin da wuta ke faɗuwa. Wurin ƙarami ne, a S7-1200 kilobayit goma ne ko sama kaɗan gwargwadon tsufa ko sabuntar CPU ɗin, don haka ba wurin tarihi ba ne. Ka sa zafin da ofareto ya saita, iyakar ƙararrawa, lambar zubi, gyaran da ka yi wa kowane canel. Na taɓa mantawa da wannan a farkon aikina, duk dawowar wuta saitin diraya ya koma sifili, sai da mai gadi ya kira ni ƙarfe biyun dare.

Hawa na uku shi ne tarihi na gaske. A S7-1200 akwai DataLogCreate da ke buɗe fayil, DataLogWrite na ƙara layi ɗaya duk lokacin da ka taɓa shi, fayil ɗin CSV ne da Excel ke buɗewa, yana zama a filashin CPU, wato ma'ajiyarshi da ba ta gogewa in an ɗauke wuta, ko katin ajiya, kana iya sauke shi ta shafin intanet na CPU ɗin in ka kunna shi. Kai ke faɗin layi nawa zai ɗauka, in ya cika sai ya koma kan mafi tsufa ya taka. To ka yi lissafi tun farko: layi ɗaya a minti 1440 ne a yini, duk sakan goma kuwa 8640. Ga diraya da tankin jiƙa minti ɗaya ya wadatar. Kada ka jona DataLogWrite ya yi ta rubutu kowane kewaye, filashi na da iyakar rubutun da yake ɗauka kafin ya gaji, ka sa taima ta riƙa taɓa shi sau ɗaya. A layin ka haɗa da lambar zubi da alamar ko canel lafiya yake, don ranar da dillali ya dawo da buhu yana cewa shinkafarshi ta yi karyayya, ku buɗe ku ga zafin da ta sha da ƙarfe nawa, magana ta ƙare ba rantsuwa.

Abu biyu na ɓata tarihin nan. Na ɗaya agogo: CPU na riƙe lokaci kamar kwana ashirin ba wuta, in injin ya tsaya wata biyu kafin sabuwar shinkafar rani ta shigo, ranar da anka tayar sai ka ga kwanan wata na wata shekara can baya, ka gyara agogo kafin zubin farko ko ka sa mishi allon batir. Na biyu katin Siemens: kamar katin kyamara yake a ido amma kada ka yarda kowa ya yi mishi fomat a Windows, akwai ɓoyayyun fayil a ciki da CPU ke nema, in sun tafi katin ya tashi aiki, kuɗinshi kuwa ba na wasa ba. Ka goge fayil ɗin tarihi kawai. Kada kuma a zare shi CPU na cikin rubutu.

In lamba ta yi maka gardama

Ka fara daga tsakiya, ka raba gardamar biyu. Cire wayoyin sanda daga taminal ka sa guntuwar wayar tagulla ka haɗa fosita da nagetib na canel ɗin. Yanzu bambanci sifili ne, don haka abin da zai fito shi ne zafin taminal kanshi, 35 ko 40 ko abin da fanel ke ciki. In ya fito haka modul lafiya lau, ɗan ma'auninshi lafiya, ka juya ka fuskanci fili. In a rajista ka ga 400 amma sikirin na nuna wani abu, to matsalar na firogiram ne ko sikirin, ba ruwan sukuddireba.

A fili kuma, ka sa mita kan milibolt a bakin wayoyin da ka cire, ka tara da milibolt ɗin zafin wurin da kake tsaye, ka duba jadawali, wato ka yi da hannu abin da modul ke yi. Ka ajiye hoton jadawalin K da J a wayarka, ya fi wasu hotunan amfani. Ka juya mita kan om, lafiyayyar sanda da kebul ɗinta 'yan om ne zuwa gomomi gwargwadon tsawo, in mita ta nuna a buɗe ta tsinke, in lamba na tsalle kana girgiza waya to sukuru ne ya saki ko tsatsa ta ci haɗin. Ka auna tsakanin waya da jikin bututun ma, wasu sandunan da gangan anka manne bakinsu da bututu don su yi saurin jin zafi, in ka haɗa irinsu da yawa a modul ɗaya wuta na iya zagayawa ta jikin injin ta ɓata canel da canel, a irin wurin nan ni marar mannewa nake saye.

Akwai guda da ke da wuyar kamawa: kebul ya goge a jikin ƙarfe ko ɓera ya ci rigar, wayoyin biyu sunka taɓa juna a tsakiyar hanya. Nan sabon baki ya samu, modul zai riƙa karanta zafin wurin da sunka taɓa, ba jar fitila ba ƙararrawa, tanderu na ci bal-bal sikirin na nuna 45 hankali kwance. A gidan shinkafa ɓera ba baƙo ba ne, ka sa kebul cikin fayif tun ranar farko.

Gwajin ƙarshe kafin ka mai da sanda ramin ta, ka sayi ƙanƙara wajen masu fiya wata ka farfasa ta cikin filas, ka zuba ruwa kaɗan ya cike tsakaninta, ka tsoma sandar ta shiga sosai ka jira minti uku, ya kamata ka ga kusa da 0. Sai butar mai shayi, 99 zuwa 100. In duka biyun sun kauce da abu ɗaya, misali digiri ɗaya da rabi sama, ka sa gyaran a DB ka yi mishi Retain ka rubuta da alƙalamin maka a cikin ƙofar fanel ranar da ka yi da nau'in sandar. In a ƙanƙara ya kusa daidai amma a tafasa ya yi nisa, kada ka sa gyara, ka koma ka duba nau'i da kebul, ko kuma sandar ta tsufa a wuta ta gaji, a canza ta.

Sabon modul ɗin da Alhaji ya sayo na nan cikin kwalinshi a saman kabad ɗin ofis, mun mai da tsohon wurinshi, na ce ya ajiye shi sifiya tunda mai shagon ya ce ba a dawo da kayan lantarki.